Yadda A Ke Gina Wa Gizon Rami Gida

Cikin tambayoyin da a ke aiko wa wannan fili akwai wata wadda ta cancanci a amsa ta a tsanake, domin amsarta ba ta shiga layi biyu ko uku. Masu tambaya suna cewa, wai shin gaskiya ne a Turai da Amurka akwai mutanen da ke kiwon gizo-gizo cikin ɗaka, kamar yadda a ke kiwon tantabara ko aku? In kuwa gaskiya ne, wane irin gida a ke yi masa, tun da ya ke ba a sa shi a keji, ba a kuma ɗaure shi a turke?

To, gaskiya ne. A Ingila da Jamus da Amurka da waɗansu ƙasashe akwai masu wannan kiwo da yawa, har suna da ƙungiyoyinsu da mujallunsu, da wuraren da su ke taruwa a saya a sayar. Amma fa ba irin gizo-gizon nan na kusurwar ɗaki su ke kiwo ba. Wani babba ne mai gashi, wanda a ke kira tarantula. Sunan ya samo asali daga garin Taranto na ƙasar Italiya, inda mutanen da su ke cewa akwai wani gizo wanda in ya ciji mutum ba ya warkewa sai ya yi ta rawa har ya gaji. Daga baya Turawan da suka shiga ƙasashen zafi suka tarad da manyan gizo masu gashi, sai suka laƙaba musu wannan suna, ko da ya ke ba dangi ne na kusa da na Taranto ba. Masana sun ƙidaya irinsu fiye da 1,000.

Masu kiwo sun kasa su kashi uku bisa ga mazauninsu. Akwai masu zama bisa itace, akwai masu fakewa ƙarƙashin dutse ko kututture, akwai kuma masu haƙa rami mai zurfi su zauna ciki muddin ransu. Kowane kashi da irin gidan da ya dace da shi, abincin wani kuwa gubar wani. Yau kan na ukun za mu yi magana. Abin da na ke so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, gidan gizon rami ƙasa ce mai zurfi. Wanda ya ba shi ita, ya kuma iya haƙurin barinsa ya shige ciki ya ɓace masa da gani, ya gama mafi yawan aikin. Wanda ya hana shi ita don yana so ya riƙa kallonsa kullum, to, ya kama hanyar kashe shi.

Wanda za a gina wa gidan

Bari mu ɗauki guda ɗaya mu yi misali da shi, don magana ta zauna sosai. A ƙasashen Kenya da Tanzaniya akwai wani wanda masana ke kira Pelinobius muticus. Wani Bajamushe mai suna Karsch ne ya fara rubuta sifarsa a shekarar 1885. Bayan haka aka daɗe ana kiransa da wani suna dabam, sai a 2010 aka tabbatar duk abu ɗaya ne, aka mayar masa da sunansa na fari. Masu kiwo kuwa sarkin gizon gwaggon biri su ke ce masa, wai don ƙafafun irinsu sun yi kama da yatsun gwaggon biri. Launinsa ja-ja ne kamar tsatsa, gashinsa a kwance luf kamar karammiski. Macen in ta miƙe ƙafafunta ta kan kai inci 8, watau kusan taƙin babban mutum. Ƙafafunta na baya kakkaura ne ƙwarai. Da fiƙoƙinta ta ke kankaro ƙasa, ta dunƙule ta, ta ɗauko ta fito da ita waje, ta yi ta yin haka dare bayan dare har ramin ya kai kamu guda ko fiye.

Mazauninsa daji ne mai ƙayoyi da ciyawa, inda rana ke dukan ƙasa da zafi, ruwan sama kuma sai lokaci lokaci. Me ya sa ya zaɓi rami? Dalili na fari shi ne ruwan jikinsa. Yana numfashi da huhu huɗu da ke ƙarƙashin cikinsa, kowanne da 'yan falle-falle a jere kamar warƙoƙin littafi, busasshiyar iska kuwa tana zuƙe masa ruwa ta nan. Ga shi kuma ba da tsoka ya ke miƙe manyan gaɓoɓin ƙafafunsa ba, da ƙarfin jini ya ke tura su. Saboda haka in ruwan jikinsa ya ragu, sai ƙafafun su nannaɗe ƙarƙashinsa, ya kasa tafiya, in ba a agaje shi ba ya mutu. A can cikin ƙasa kuwa akwai sanyi da danshi waɗanda ba su cika sakewa ba, ko da rana ko da dare.

Dalili na biyu tsaro ne, gama tsuntsaye da namun daji suna cinsa. Na uku farauta. Yana da ido takwas, amma ganinsa kaɗan ne. Ya kan shafe bangon ramin da bakinsa da yana, sa'an nan da dare ya zo ya tsugunna a ƙofa. Ƙwaro na taka yanar nan, sai motsin ya iso masa ta gashin ƙafafunsa, ya yi wuf ya cafke. Kun ga ke nan ramin nan shi ne inuwarsa, shi ne ganuwarsa, shi ne kuma tarkonsa. In aka sa shi a akwati aka zuba masa ƙasa inci biyu, an raba shi da duk ukun a rana ɗaya. Sai ka ga yana ta kewaya, yana hawan bango, yana ƙin abinci, mai shi kuwa yana murna wai gizonsa mai kuzari ne, bai san neman mafaka ya ke yi ba.

Akwati

A kan yi akwatin da gilashi ko da farar roba wadda a ke ganin ciki. Ga babbar mace, tsawon inci 18, da faɗin inci 12, da tsayin inci 17 ko 18 sun isa. Faɗin fili ba shi ne abin nema ba, domin ba ta yawo. Tsayi a ke bukata, don a cika shi da ƙasa inci 12 ko fiye. Akwatin da a ke buɗewa ta sama ya fi mai ƙofa a gaba, gama mai ƙofa a gaba ba ya ɗaukar ƙasa mai yawa, ana buɗewa sai ta zubo.

Tsakanin ƙasa da murfi kada a bar fili mai yawa. Ƙa'idar masu kiwo ita ce kada ya wuce faɗin gizon sau ɗaya da rabi, in ya gaza haka ma ya fi. Ga dalili. Cikinsa kamar salka ne mai siririyar fata, cike da jini da kayan ciki. In ya hau gilashi ya zamo ya faɗo, ko da tazarar ƙafa guda ce, cikin na iya fashewa, jininsa kuwa ba ya daskarewa da sauri kamar namu. Faɗuwar da ƙadangare zai yi ya ruga abinsa, ita ce ajalin wannan babban gizo.

Murfi ya zama mai ƙarfi, mai sakata ko maɗauri, domin yana da ƙarfin ɗaga murfin da aka aza kawai. Kada a yi shi da ragar waya irin ta taga. A ƙarshen kowace ƙafa yana da 'yan ƙumbuna masu lanƙwasa, su kan maƙale a ragar, ya kwana yana reto har ƙafar ta cire ko ya faɗo. Gilashi ko roba mai kauri a ke samu, a huda ƙananan ƙofofi. Kafin a zuba ƙasa kuma a fara zaɓen wurin da akwatin zai zauna. Akwati mai wannan girma in aka cika shi inci 12 zai ci ƙasa kimanin lita 42, watau fiye da cikin jarka biyu, in kuwa ƙasar gona ce mai danshi nauyinta zai kusanci na buhun siminti. A samo tebur mai ƙarfi a lungun da rana ba ta shiga, nesa da rediyo da ƙofar da a ke yawan bugawa, domin abin da ke ji da gashin ƙafa kowace girgiza tana damunsa.

Ƙasa

Nan ne gindin magana. Kowane magini ya san ba kowace ƙasa ke riƙe gini ba. Rairayi zalla ba ya riƙe rami, ana haƙawa yana rushewa. Yumɓu zalla in ya bushe ya kan zama kamar tubali, in ya jiƙe ya zama taɓo. Tsakuwa tana kurje masa ciki. Garin katako bai dace ba, musamman na itatuwa masu ƙanshi, gama man da ke cikinsu yana cutar da ƙananan halittu. Abin da masu kiwo suka fi amfani da shi shi ne baƙar ƙasa mai laushi, a gauraya ta da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa don ta riƙe danshi, a ƙara ɗan yumɓu da ɗan rairayi don ta yi ƙarfi. Lalle ne a tabbata ba a taɓa zuba mata takin zamani ko maganin ƙwari ba. Maganin da aka yi don kashe ƙwarin gona ba ya tambayar ko wannan gizon na kiwo ne.

Ga yadda a ke gane ta yi daidai. A yayyafa ruwa a cuɗa, a ɗebi cikin hannu a matse. In ta dunƙule ta riƙe sifar hannu, ruwa kuma bai ɗigo ba, ta yi. In ta warwatse, a ƙara ruwa ko yumɓu. In ruwa ya tsiyayo tsakanin yatsu, a ƙara busasshiya. Sa'an nan a zuba ta kaɗan kaɗan, inci biyu ko uku, a danna da hannu sosai kamar mai daɓen ɗaki, a sake zubawa a danna, har a kai inda a ke so. Ta ƙasa ta fi danshi, ta sama ta zama kusan busasshiya, kamar yadda ya ke a dajinsu. Kada a aza babban dutse a bisa don ado. Zai haƙa ƙarƙashinsa, ran nan dutsen ya rufta masa.

Da an gama sai a fara masa ramin. A ɗauki sanda mai kaurin muciya a soka a kusurwa, jikin gilashi, a karkace, zurfin inci 3 ko 4, a jingina ɓawon itace a bakin ya zama rumfa. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. To, wannan na alheri ne, amma shi ma gajere za ka gina, mai gidan ne zai ƙarasa abinsa yadda ya ga dama. Akwai wata dabara kuma. In aka manna baƙar takarda a bayan gilashin daga waje, sau da yawa ya kan bi jikin gilashin da haƙa, don yana ganin duhu ne. Bayan 'yan makonni sai a ɗaga takardar a hankali a leƙa, a ga hanyar da ɗakin da ya yi a ƙarshenta, a mayar. In aka bar wurin a buɗe, zai shafe gilashin da yana da ƙasa ya tsare kansa daga haske.

Wannan duk ga babba ne. Ɗan ƙarami wanda bai wuce inci guda ba, 'yar kwalba ko ɗan gwangwanin roba a ke sa shi, da ƙasa inci 2 ko 3 mai ɗan danshi fiye da ta babba, gama shi ya fi saurin bushewa. In aka jefa shi a babban akwati, ba za a san inda ya ke ba, shi kuma ba zai gamu da abincinsa ba. A kan sake masa gida ne sa'ad da ya girma.

Ruwa da iska da zafi

A ajiye ɗan kasko marar zurfi cike da ruwa mai tsabta kullum. Kada a sa soso ko auduga a ciki. Waɗansu suna yin haka wai don kada ya nutse, alhali kuwa yana shan ruwa da bakinsa sarai, soson nan ƙazanta kawai ya ke tarawa. Sau da yawa za a wayi gari a ga ya cika kaskon da ƙasar da ya haƙo. Ba abin fushi ba ne, a wanke a sake cikawa. Don danshin can ƙasa kuwa, lokaci lokaci a tsiyaya ruwa a kusurwa ɗaya nesa da ramin, a bar shi ya gangara ta jikin gilashi. Ana iya ganin launin ƙasar daga waje, mai duhu a ƙasa, mai haske a sama. In duhun ya kusa ƙarewa, lokacin ƙari ya yi. Kada a kwarara ruwa cikin ramin, kada kuma a fesa wa gizon.

Danshi ba tare da iska ba shi ke kawo fumfuna da ƙananan ƙwari. Saboda haka a huda ƙofofi a murfi, da kuma gefe biyu sama da ƙasar, don iska ta ratsa. Ƙofar kada ta kai girman da gabansa zai shiga, domin inda gaba ya wuce sauran jiki zai bi. In aka ga gumi ya kwanta a gilashi ya ƙi tafiya, ruwa ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan.

A nan ya kamata a san asalin gizon da a ke kiwo, gama ba duk masu rami ke son abu ɗaya ba. A Kamaru akwai wani mai suna Hysterocrates gigas, shi ma mai haƙa ne, amma ɗan ƙasar damina ne. Ƙasarsa ta fi ta wancan jiƙa, a kan kuma ba shi babban kaskon ruwa, har an sha ganinsa ya shiga ruwa ya daɗe a ciki. Wanda ya yi masa gida irin na ɗan Kenya zai bushe shi, wanda kuma ya jiƙa wa ɗan Kenya ƙasa tun daga sama har ƙasa ya cuce shi.

Zafin da ya dace da su shi ne digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin santigired. A ƙasashen sanyi a kan ɗumama ɗakin duka, ko a manna abin ɗumi na lantarki a gefen akwati. Kuskuren da ya halaka da yawa shi ne sa abin ɗumin a ƙarƙashi. A daji zafi daga sama ya ke zuwa, don haka in gizo ya ji zafi ƙasa ya ke nufa. In wutar tana ƙasa, yana gudu yana ƙara kusantarta, har ya gasu a ɗakinsa. A ƙasashen zafi ba a bukatar ɗumi, abin tsoro shi ne rana. Akwatin gilashi in rana ta dake shi ta taga, cikin ɗan lokaci ya zama tanderu. Fitila ma ba ya bukata. Mai son kallonsa ya jira dare, ya haska da jar tocila, domin jan haske bai cika damunsa ba.

Ranar tarewa da ciyarwa

Ba a ɗaukarsa da hannu. A kan kifa masa kofin roba, a zura kwali ta ƙarƙashi, a kai shi bakin ramin da aka fara, a taɓa ƙafarsa ta baya a hankali da dogon burushi mai laushi har ya fita. A yi wannan aiki a ƙasa, cikin ɗaki rufaffe, ba yara a kusa. Wani ya kan shige ramin nan take. Wani sai ya yi kwanaki, har makonni, a takure a kusurwa kafin ya fara haƙa. A ƙyale shi. Ran da aka ga tsibin sabuwar ƙasa a bakin rami, an san baƙo ya karɓi gida. Kuma akwati ɗaya gizo ɗaya. In aka haɗa biyu, da sannu za a tarad da ɗaya, ya yi ƙiba.

Abincinsa gyare ne da kyankyaso da fara. Masu kiwo su kan sayi waɗanda aka kiwata don haka, ba su kamo na waje, don gudun wanda ya ci magani. Babba a kan ba shi sau ɗaya a mako ko a mako biyu. A saki ƙwaron a bakin rami da maraice, in an wayi gari yana nan, a cire shi da dogon hantsaki. Gizo ba ya haɗiye abinci mai tauri. Ruwan narkarwa ya ke zuba wa abin da ya kama, ya tsotse, ya dunƙule ƙwarangwal ɗin ya jefo waje. A riƙa kwashe wannan don kada ya yi fumfuna. In cikinsa ya yi girma ainun a rage abinci, gama mai ƙaton ciki ya fi saurin fashewa.

In ya toshe ƙofa

Ga wurin da a ke gane mai haƙuri. Wata rana za a duba a ga ya toshe bakin ramin da ƙasa da yana. Mako ya wuce, wata ya wuce, wani lokaci watanni, ba motsi. Sai zuciya ta fara raya wa mai shi cewa ya mutu, ko yunwa za ta kashe shi, bari in tona in gani. Kada a tona. Mafi yawa saɓa zai yi. Fatarsa ba ta girma tare da shi, tilas ya tuɓe ta kamar yadda maciji ke yi. Kafin haka ya kan daina ci. In lokaci ya yi sai ya shimfiɗa tabarmar yana, ya kwanta rigingine, ƙafafu sama kamar matacce, ya yi sa'o'i yana zare jikinsa daga tsohuwar fata. A wannan hali jikinsa taushi gare shi kamar dafaffen ƙwai, fiƙoƙinsa farare ne, ba su huda kome. Ƙasa kaɗan in ta rufto masa, ko hannu ya motsa shi, sai ya maƙale a fatar ya naƙasa ko ya mutu. Gyare ɗaya da aka manta a ciki yana iya cin naman wanda da shi ne abincinsa.

Abin yi kaɗan ne. A cika kaskon ruwa, a kula da danshin kusurwa, a daina sa abinci. Babban gizo mai ƙoshi yana iya yin watanni bai ci ba. Shi da kansa zai buɗe ƙofa, sau da yawa ma ya jefo tsohuwar fatar waje. Bayan saɓa a jira mako ɗaya zuwa biyu ga babba, har fiƙoƙin su yi baƙi su yi ƙarfi, kana a ba shi abinci. Sauri ya haifi nawa. Ba a tona rami sai da babban dalili, kamar a ji wari, ko a ga tururuwa sun shiga, ko ruwa ya cika shi.

Akwai lokaci ɗaya da barin rami ba alamar laifin gida ba ne. Namiji in ya yi saɓarsa ta ƙarshe ya balaga, ya kan bar rami ya shiga yawon neman mace, ya rage ci, ba ya kuma daɗewa bayan haka. Macen ita ce mai tsawon rai, tana iya kai shekara 20. Girmanta kuma a hankali ne, sai ta yi shekaru kafin ta balaga. Wanda zai saye ta ya san amana ce ta shekaru masu yawa ya ɗauka.

Cizo da abokan gaba

Mafi yawan tarantulan Amurka suna da wani gashi mai ƙaiƙayi a bayan ciki, wanda su ke karkaɗo wa abokin gaba. Na Afirka da Asiya ba su da shi, makaminsu fiƙa ce. Wannan na Kenya in aka matsa masa sai ya miƙe bisa ƙafafun baya, ya buɗe fiƙoƙi, ya goga gindin ƙafafunsa na gaba su yi wani huci da a ke ji sarai. Gargaɗi ke nan, mai hankali sai ya ja da baya. Cizonsa yana da zafi ƙwarai, yana kawo kumburi da ɗaurewar tsoka, har a shekarar 2022 waɗansu masana a Ostareliya suka bayyana wani sinadari cikin dafinsa wanda ke tsokano jijiyoyin jin zafi ta hanyoyi da dama a lokaci guda. Wanda ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya nufi asibiti. Saboda haka masu kiwo ba su ba sabon shiga shawarar ya fara da wannan iri. Su kan ce ya fara da masu sanyin hali na Amurka, hannunsa ya faɗa tukuna.

Shi ma yana da nasa abokan gaba a cikin gida. Tururuwa da cinnaka in suka sami hanya su kan kashe shi, musamman lokacin saɓa, don haka a kan sa ƙafafun teburin cikin 'yan gwangwanayen ruwa. Maganin sauro na fesawa da na ƙonawa, da maganin ƙuma da a ke shafa wa kare ko kyanwa, duk guba ne gare shi. Kada a yi amfani da su a ɗakin da ya ke, wanda ya taɓa su kuma ya wanke hannu kafin ya kusanci akwatin. Rigakafi ya fi magani, balle ga halittar da likitocinta kaɗan ne.

Inda a ke samo shi

Saura magana ɗaya wadda ta shafi daji. Wani bincike da aka buga a 2022 ya ƙidaya iri 1,264 na gizo-gizo da kunamu da danginsu da a ke cinikinsu a duniya, ya kuma nuna kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda aka lissafa daga daji aka kamo su. Halittar da ke shekaru kafin ta haihu, in aka tone manyan matanta daga wuri, wurin ya daɗe bai farfaɗo ba. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 don tsare cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta sa wani tarantula mai jan gwiwa na Meziko cikin lissafinta a 1985, ta kuma ƙara waɗansu na Indiya da Siri Lanka a 2019. Ban da wannan, kowace ƙasa da dokarta kan kama namun daji da fitar da su. Mai son kiwo ya nemi wanda aka haifa a hannun masu kiwo, ya tambayi asalinsa, ya kuma san dokar ƙasar da ya ke zaune.

To, jama'a, amsar tambaya ke nan. Mai kiwon gizon rami, mafi yawan kwanakinsa akwatin ƙasa ya ke kallo, da ɗan rami a kusurwa. Ladansa shi ne wani dare ya haska ya ga ƙafafu ja-ja huɗu a bakin ƙofa suna jiran gyare, ya san mai gida yana lafiya. Wanda wannan ya ishe shi, ya zuba ƙasa mai zurfi, ya cika kasko, ya ja hannunsa. Wanda kuwa ya ke son abin da zai riƙa ɗauka yana nuna wa baƙi, gara ya nemi aku, domin da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Mai wata tambaya kan halittu ya aiko, za mu amsa gwargwadon fili.